Birnin da Ya Ƙi Ciwuwa Kafin Sallah

Zuwa ga Masu Girma, Masu Zurfin Tunani, Shugabannin Kamfanin Garkuwa da Sulke, maƙera wasan kwamfutar nan na yaƙin sarakunan da.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, ni ne Sharhabilu Indabo, malamin gona a Wudil. Bana da aka ce gangar mai ta wuce dala ɗari, aka ɗan taɓa mana albashi, abokan aikina suka sayi babura, ni na sayi kwamfuta da wasanku. A gaban mutum goma na majalisarmu bakina ya kufce, na rantse da Allah zan ci Birnin Ƙarfe da yaƙi kafin Babbar Sallah. Yau saura kwana tara. Ga kokena, ranku ya daɗe.

Na ɗaya. Na kewaye birnin shekara goma sha huɗu a ƙidayar wasan, ko kaza ba ta shiga. Mutanen ciki sai ƙiba suke. Ni malamin gona ne, na san abin da rumbu ke ɗauka. Don Allah wane irin gero suke shukawa? A taimaka mana da irin, manoman ƙauyen Utai na so.

Na biyu. Dakaruna dubu uku suka jingina tsani, na gaba har ya ɗora ƙafa a kan ganuwa. Sai aka hango wani mutum guda a kan alfadari can bayan gari, rundunar duka ta sauko ta bi shi. Tsanin ma a can suka bar shi. Shin surukinsu ne?

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Jan Sarki na cikin wasanku abokin ƙawancena ne. Na ba shi dawaki, na ba shi gari biyu. Ranar farmaki ya iso da runduna, ya kafa tanti a gefena, ya zuba ido. Da na juya baya ya ƙone mini sansani, sannan ya aiko yana neman mu sabunta zumunci. Na kuwa yarda, wannan wautata ce. A kasuwar shanu ta Juma'a, dillalin da ya yi rabin haka ba ya sake samun inuwar zama.

Na huɗu. Liman ya ce in Sallah ta zo birni na tsaye, sai kaffara: in ciyar da miskinai goma. Nan take 'yan majalisa goman suka zama miskinai, har Alhaji Maikano da ya sayi sabuwar mota a watan jiya. Ya ce shi da kifi yake so.

Na biyar. Shekaranjiya ina ofis, maiɗakina Hansai ta zauna a kujerata, ta aika wa Birnin Ƙarfe buhun gishiri da gaisuwa. Suka buɗe mata ƙofa huɗu, suka zama aminanmu. Yanzu in na danna farmaki, wasanku cewa yake ba a yaƙar amini. Jan Sarki wa ya ba shi izini, ni aka hana ni?

Roƙona ɗaya ne: ku sa birnin nan ya ci amanata kafin Alhamis ta sama, in samu hujjar kai masa hari. Kowa a wasanku ya iya cin amana, ban ga dalilin da su kaɗai za su yi mini halin kirki ba.

Hansai na gaishe ku. Ta ce wasanku ba shi da aibu, kuma ta riga ta aro babbar tukunya.

Naku mai biyayya, mai durƙuso a bakin ganuwa,
Sharhabilu Indabo,
Sabon Gari, Wudil.