Shafina Ya Faɗi, An Ce In Ɗaga Shi da Kaina

Jiya da hantsi ina cikin goge ƙafar wani tebur, maiɗakina ta kira ni a waya ta ce, "Maigida, shafinka fa ya mutu. Na buɗe, fari fat kamar an wanke allo."

Ga wanda bai san ni ba, kafinta ne ni, kuma ba son burga ya kai ni intanet ba. Masu girma ne suka yi shela cewa za a ba da kwangilar bencinan makaranta, amma duk kafintan da ba shi da shafi a intanet, kada ma ya ɓata tawadarsa. Allah Ya ja zamaninsu, sun yi dogon nazari: yaro ba zai ji daɗin zama a benci ba sai ya san wanda ya buga ƙusar yana da adireshin imel. Haka na sayar da tsohon injin yankan katakona, na kama haya a wani kamfani da ke ajiye wa mutane shafukansu. Jiyan nan kuma ita ce ranar da aka ce kwamitin kwangilar zai leƙa shafin kowa. In suka tarar da nawa fari, injina ya tafi a banza, aiki kuma sai dai in ji a bakin wasu.

Da can in abu ya lalace, akwai wata baiwar Allah a kamfanin da nake kira, ta ba ni haƙuri, ta gyara. Yanzu an ci gaba. An sallame ta, an kawo wani dandali wai shi "Taimaki Kanka". Har hoton bikin buɗewa na gani: Mai Girma Shugaban Sashen Farin Cikin Kwastoma riƙe da almakashi, yana yanke ƙyalle a gaban kwamfuta, ana tafi.

Na shiga dandalin. Ya ce lambar sirri. Na sa, ya ce ba ita ba ce. Na sa sunan maiɗakina, ya ce bai san ta ba. Na danna "na manta", ya ce kada in damu, an aika sabuwa zuwa imel ɗina. Imel ɗin nan kuwa a jikin shafin yake, tare suka faɗi. Wato an kulle ɗaki, an jefa makullin ciki ta taga, an ce in shiga in ɗauko.

Can gefe akwai wani ɗan akwatin hira mai fuskar murmushi. Na zayyana masa kukana tiryan-tiryan. Ya ce ya ji daɗin tambayata ƙwarai, ko ina son in koyi yadda ake canja launin shafi?

Na ce zuwa da kai ya fi saƙo. Sai dai babur ba mai, layin gidan mai kuma ya yi kwana har bayan kasuwa. A nan na tarar da maƙwabcina mai aski yana tura nasa babur ɗin.

"Kafinta, lafiya kake huci kamar kububuwa?"

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To mene ne sabo a nan? Ruwa, kai ka haƙa rijiyarka. Wuta, kai ka sayi janareta. Ramin titi, mu muke cike shi da ɓaraguzai. Ai mun daɗe a Taimaki Kanka, ƙyalle ne kawai ba a yanka mana ba. Amma ka riƙe wannan: in kana son ka ji muryar mutum, kada ka ce kana da matsala, ka ce kana da kuɗi."

Da na isa ofishin kamfanin, ga sanyi, ga kujeru masu laushi, ba kowa sai maigadi. Ya nuna mini wata kwamfuta a jikin bango. Taimaki Kanka ce, ta riga ni zuwa. Na ce manya fa? Ya ce suna otal, ana ba su lambar yabo ta kula da kwastoma.

Nan maganar mai aski ta faɗo mini. Na bar maɓallin koke, na danna na "ina son saye". Ban gama sauke yatsa ba wayata ta ɗau ƙara.

"Ranka ya daɗe, yallaɓai! Me za mu yi maka?"

Na gyara murya na ce ina da manyan kamfanoni da nake son kawo musu, amma da ɗan ƙaramin shafin nan nake auna su, ga shi sun ba ni kunya. Na ji ana guje-guje a can. Kafin in kai ƙofa, shafina ya tashi garau, hotunan bencinan da na buga sai ƙyalli suke.

Na koma shago ina fara'a, sai ga wata dalleliyar mota a ƙofa. Wani mutum ya fito ya miƙo mini hannu, laushinsa kamar auduga. Surukin ɗaya daga cikin masu girma ne. Ya ce tun makon jiya aka ba shi kwangilar, kafinta yake nema ya buga masa bencinan, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa.

"Yallaɓai, ya sunan shafinka? In leƙa in ƙaru."

"Wane shafi?"

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci, injina kawai nake tunawa. Amma na karɓi aikin, da babu gara ba daɗi.

Ina auna katakon farko saƙo ya shigo daga kamfanin: wai in ba da taurari gwargwadon yadda aka taimake ni yau. An ce yabon kai jahilci, to amma wa zan yaba? Na danna biyar cif, don gaskiya ma'aikacin ya yi ƙoƙari, har da bin layin mai.