Rasuwar Hajiya Ja, Motar da Ba Ta Kai Kilomita Dubu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau na kasa ɗagawa a masallacin unguwa, ni Zaharaddeen Haladu, mai shagon turare a Balad ta birnin Jidda, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar motata, jar motar tsere mai ƙofa biyu, wadda duk mutanen unguwarmu Madain Fahd suka sani da Hajiya Ja. Ta rasu ranar Alhamis da ta gabata bayan sallar magariba, a ƙarshen layinmu, tana ɗauke da ƴata Ilham cikin kayan amarci. Ta bar duniya da kilomita ɗari tara da casa'in da ɗaya a mitarta.

Marigayiya ta shigo gidana Ilham tana ƴar firamare. Mota ce mai kamun kai. Ba ta taɓa cin tarar gudu ba, ba ta taɓa faɗawa rami ba, ba a taɓa ganinta a layin gidan mai ba, don a jarka nake kawo mata. Maƙwabta sun sa mata Hajiya saboda girmamawa, alhali ga Makka nan kusa da mu, ko hanyar ba ta taɓa shinshinawa ba. An ƙera ta don ta tsere wa iska, ni kuwa na ajiye ta a gareji cikin riga, kamar kwanon tangaran da ake jiran baƙon da ya isa a fito masa da shi.

Wanda bai san mu ba zai ce hauka ne, to bari in yi bayani. Mu masu tara irin waɗannan motoci muna haɗuwa a bakin teku da safiyar Juma'a, kuma a cikinmu darajar mutum tana ga mamsha, wato yawan tafiyar da motarsa ta yi, iya ƙarancinta iya girmansa. Abokina Mohannad ba ya tambayar lafiyar iyali sai ya fara leƙa mita. Wani abokinmu Nayef ya taɓa ƙaurace wa wani ɗan uwanmu don kawai ya je Ɗa'if da tasa shan iska. Wanda bai kai dubu ba shi ake ba kujera a inuwa, shi ake fara zuba wa gahawa, kuma ni ne mai wannan kujera shekara da shekaru. Ko taron ma Hajiya ba da tayarta take zuwa ba. Wani direba mai suna Bawa ne yake ɗauko ta a kan saɗha, babbar motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya, ni ina biye a tasi ina addu'a.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Idan na tayar da ita a inda take tsaye, sai ta ce kir-kir-kir, ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce burrum, har tagogin gidan su amsa. Da Ilham ta ji, sai ta sheƙo da gudu ba takalmi, ta zauna a kujerar gefe, ta roƙe ni mu je ko da kantin kwana ne. Kullum amsata guda, ta bari sai ranar aurenta, ranar zan kai ta da kaina. Ta riƙe maganar nan tun tana da giɓi har ta gama jami'a.

Ciwon ajali ya daɗe a jikin marigayiya, ni ne ban sani ba. Raɓar gishirin Jidda ta bi ta ƙarƙashin rigar ta ci ƙarfen cikinta, ruwan saman da ya taɓa shiga garejin ya ƙarasa abin da ya rage. Robobinta sun bushe. Bel ɗin injinta na asali ne tun daga kamfani, kuma na hana a canza shi, don a wurinmu mota da kayanta na asali ake ado. Bakaniken da ya duba gawar ya ce zama ne ya kashe ta.

Ga yadda abin ya faru, gara ku ji daga bakina. Da aka sa ranar auren Ilham da Jabiru, ta nuna zauren biki da take so a Obhur, can bakin ruwa. Na auna nisan a waya, na ga zai tsallakar da ni dubu, sai na ce wurin ba shi da kyau. Na kama wani zaure mai nisan kilomita takwas daga gida, yadda mita za ta tsaya a ɗari tara da casa'in da tara, na kuma shirya da Bawa ya biyo mu da saɗha don ya dawo da motar. Uwarta Zubaidatu ta gane lissafin tun a ranar. Kallona kawai ta yi, ta ce halas, wato shi ke nan. Ranar biki na sa duk motocin rakiya suka yi gaba, kada wani ya goge ta. Ilham ta shiga, tana dariya irin ta lokacin da take ƙarama. Hajiya ta ce kir-kir-kir, burrum. Muka wuce gida biyar ko shida, sai ta ce ƙwas, ta yi tari sau ɗaya, ba ta ƙara cewa komai ba.

Mutuwar mota ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne abin da na yi bayanta. Ga amarya a titi, ga jama'a cike da zaure suna jira, Bawa ya ce mu bar motar nan ya fara kai yarinya. Na ce sam, ba a barin Hajiya a titi. Na tsayar da ƴata a gefen hanya, mutanen layi suna leƙe ta taga, ina durƙushe ina nuna yadda za a ɗaura ƙugiya kada ta karce fenti. Da na ɗago, Ilham ta riga ta tattare farar rigarta ta hau gaban saɗha da kanta. Haka aka kai ta gidan bikinta, ita a gefen direba, motar a sama da furanninta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Tun ranar ba ta ɗaga wayata.

Marigayiya ta bar taya huɗu da har yau gashin sabuntarsu bai goge ba, da riga biyu, da mukullin ajiya da bai taɓa shiga ƙofa ba. Ta bar Bawa, wanda ya rasa aikin safiyar Juma'a. Ta kuma bar ni.

Ina godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Mohannad ya rungume ni, ya ce in gode wa Allah tun da mitar ba ta kai dubu ba, ya kuma nemi in ciro masa ita ya kafa a falonsa. Na ji kunya ƙwarai, don kafin ya rufe baki ni ma abin da ke raina ke nan. Na ce masa a'a.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa da safe, idan Allah ya kai mu. Wannan karon ba za a ɗora ta a saɗha ba. Mitar marigayiya ta tsohon yayi ce, juyawar taya take ƙirgawa ko injin ya mutu, don haka Bawa zai ja ta da igiya, tayoyinta a ƙasa. Za a bi da ita ta bakin teku, ta gaban ƴan taron Juma'a, har ƙofar zauren nan na Obhur, daga can a wuce da ita wurin masu kwance motoci a Briman. Ana roƙon masu rakiya su yi haƙuri, tafiyar a hankali za a yi ta, kuma duk mai son leƙa mita ya leƙa. Ni zan riƙe sitiyari. Na aika wa Ilham ta hannun mijinta, ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Kada kowa ya zauna a kujerar gefe.