Rasuwar Mai-Tari, Na'urar da Ta Riƙe Muryar Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan haushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, ni, jikar da aka bar wa amana, a madadin iyalanmu na hawa na talatin da bakwai a dogon benen nan, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urarmu mai ba da labari, wadda kowa ya fi sani da Mai-Tari. Ta cika ranar Talata da yamma a kan teburin gyaran Kawu, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, bayan doguwar jinyar da mu da kanmu muka jawo mata.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ba ta fi ƙaramin bokiti girma ba. Tayoyinta uku, idonta ɗaya shuɗi. Baba ne ya sayo ta lokacin da ƙarfin Kaka ya fara ja baya, don ta kwashe tatsuniyoyin da ke kanta kafin lokaci ya ƙure. Da farko Kaka ƙin ta ta yi, ta ce ba za ta zauna tana hira da tukunya mai ido ba, har tsumma ta lulluɓa mata. Daga baya suka shaƙu. Shekara biyu suka yi tare a bakin taga, motocin sama suna wucewa, Kaka tana ɗinki tana zuba. Marigayiya ta kwashe tatsuniya ɗari uku da ɗoriya, ta haɗa da muryar Kaka da tsakinta da tarin nan nata na buɗe zance. Ina shekara biyar Kaka ta rasu. An ce a gaban kowa ta nuna ni ta ce tukunyar tawa ce, in kula da ita.

Marigayiya ta rayu rayuwar hidima. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ko an sa ta maimaita labarin akuyar da ta kai ƙarar inuwarta sau bakwai a zama ɗaya. Ba ta kai tsegumi, ko da yake babu abin da idon nan bai gani ba a gidanmu. In mun kaure da faɗa, sai ta gangaro tsakiyarmu ta saki muryar Kaka: "Kai! Wa nake ji?" Har Baba, injiniya guda mai ma'aikata arba'in a tashar tace ruwa, gyara zama yake yi. Kuma duk labarin da za ta fara, sai ta yi tari sau biyu ta ce, "Ku matso, ba zan yi ihu ba."

Ciwon ajalinta ya samo asali ne shekara biyar da suka wuce, ranar da Mama ta gano wani ɗan maɓalli a bayanta na ɗaukar murya. Mama direbar bas ɗin sama ce, tana riƙe hanyoyi sittin a ka, amma ba ta iya riƙe abin da za ta sayo in ta tashi aiki. Sai ta danna ta ce a tuna mata da sabulu. Abin ya yi mata daɗi. Kafin wata ya ƙare kowa ya mai da marigayiya allon rubutu. Baba yana zuba mata jawabin taro, Kawu yana ajiye lambobin kayan gyara. Yayana kuwa, wanda muke kira Mawaƙi saboda tsabar tausayi, ya shiga rera mata waƙoƙin da yake shirya wa wata yarinya ta hawa na sha biyu.

A yi wa marigayiya adalci, ta yi gargaɗi. Wata jar fitila ta kama a goshinta, ta kuma riƙa cewa da siririyar muryarta ta kamfani, "Wuri ya cika. Zan goge mafi tsufa." Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tsaya ya tambayi wane ne mafi tsufa a cikin nan ba. Baba cewa ya yi, "Ai duk haka suke faɗa, don a sayi sabuwa ne." Ya yanko filasta ya manne fitilar, ya ce ga magani nan.

Ba a rana ɗaya abin ya cinye ta ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa gutsura, kamar ɓera a buhu. Sai ana cikin labarin yarinyar da ta ɗinka wa iska riga, a ji Kaka ta ce, "Sai iska ta durƙusa gaban yarinya ta ce…" kawai muryar Mama ta faɗo: "A sayo sabulu, babba, ba irin na wancan karon ba." Mun yi dariya har da riƙe ciki. Mun kira maƙwabta su zo su ji. Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa.

Tunda sanarwar mutuwa ce, ba wurin ƙarya ba, bari in faɗi nawa. Bara, ana gobe jarrabawar ilimin taurari, na danna maɓallin nan na yi minti ashirin ina jero mata sunayen watannin manyan duniyoyi don ta riƙa maimaita mini. Da na gama, ƙarshen labarin rigar iska ya tafi. Shi kaɗai ne labarin da Kaka ta ce ba ta ji a wurin kowa ba, ita ta ƙaga shi tana budurwa a shagon ɗinki. Na ci tara cikin goma a jarrabawar. Har yau ina iya jero watannin nan tiryan-tiryan, kuma duk lokacin da na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ni aka ce in kula da ita.

A makon jiya marigayiya ta fara karo da bango, tana kiran firji da sunan Baba. Muka garzaya da ita wurin Kawu, wanda gyaran mutum-mutumi ne sana'arsa. Ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun tuni, kayanta ko a bola ba a samu. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceto abin da ya saura. Abin da ya fito da shi: tari huɗu, tsaki ɗaya, da waƙoƙin Mawaƙi na minti arba'in, cif, ko ƙwarzane babu.

Da ajali ya zo, idonta ya yi haske na ƙarshe. Ta yi tari sau biyu ta ce, "Ku matso…" Muka matso gaba ɗaya, har Baba ya durƙusa ya kara kunne. Sai muka ji muryar Baban da kansa: "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Daga nan idon ya mutu. Baba ya miƙe ya fita, ya daɗe a tsaye a bakin lif ɗin sauka bene bai danna komai ba.

Marigayiya ta bar cajarta guda ɗaya, mai lanƙwasasshen baki. Ta bar aminiyarta na'urar shara, wadda har yanzu take kewaye kusurwar da ta saba zama ba ta taka wurin. Ta bar firji mai magana, wanda bai san komai a duniya ba sai ranar lalacewar madara. Ta bar Mama da Baba da Kawu da Mawaƙi, kowa yana kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Ta kuma bar Autarmu mai shekara shida, wadda ba ta taɓa ganin Kaka ba, kuma ita marigayiyar take kira Kaka. Kullum ta dawo makaranta sai ta ja mini riga ta ce, "Yaya, wai iskar ta sa rigar ko ba ta sa ba?" Ina ce mata gobe. Goben tawa ta kusa ƙarewa.

Game da jana'iza, ba za a kai gawar ofishin narka ƙarafa ba, duk da wasiƙar da suka aiko. Za a goge mata ƙura, a ɓare filastar, a ɗora ta a kan kantar falo kusa da keken ɗinkin Kaka.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar da ƙarfe huɗu a falonmu. Akwai kwando a bakin ƙofa, duk abin da ke ɗaukar murya a nan zai tsaya, har agogon hannun Kawu. Ba a buƙatar furanni. Kowa ya zo da guntun labarin da ya maƙale masa a ka, komai ƙanƙantarsa, mu harhaɗa. An ma fara: jiya Baba ya ce akuyar nan ita ta ci shari'a, Kawu ya rantse inuwar ce ta ci, suka yi awa guda suna musu, kowa yana kwaikwayon muryar alƙali. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ba da labari ba sai jiya. An hana Mawaƙi waƙa, amma an yarda ya kawo kujeru.

Muna roƙo na musamman ga tsofaffin abokan ɗinkin Kaka, musamman Gwaggon hawa na tara. Duk wadda ta taɓa jin ƙarshen labarin rigar iska daga bakin mai shi, don Allah ta zo da wuri, za mu aiko a riƙo hannunta. In kuma ba a samu kowa ba, ni zan zaunar da Auta in ƙarasa mata shi da bakina, in gaya mata gaskiya cewa daga nan zuwa ƙarshe nawa ne, na Kaka ni na ɓatar. Muryata ba ta kai tata ba, tarin ma ban iya ba. Duk wanda ya yi dariya, shi zai ba da labari na biyu.