Zakaran Shugaban Makaranta

"...Lafiya lau na kwana, angona. Kai ne dai ka tsere da sassafe ka bar ni. Ko wata ka samu a Kaduna?"

Andrawus bai ɗago kai ba. Yana zaune a kan benci a tashar Birnin Gwari, sanye da rigarsa ta zuwa coci, sanda a jingine, ga wani jan zakara ɗaure a ƙarƙashin bencin. Muryar ya sani, ta jikarsa Tasalla ce. Makarantu biyu na koyon aikin jinya ne suka ɗauke ta, can wajen Kaduna, an rasa wadda za a zaɓa. Shi kuwa tun tasowarsa bai taɓa sayen gona ko akuya bai je ya gani da idonsa ba, balle ya miƙa jika. Ya ce zai je. An yi masa maganar gwiwarsa, an yi masa maganar hanyar dajin nan da ko samari ba sa bi sai dole. Ya toshe kunne. Ɗansa Benjamin ba shi da bakin hana shi, shi ya sa ya turo wadda take da shi.

"Na samu mana," in ji Andrawus. "Mai iya tuwo, ba irin naki da ake yanka da gatari ba."

"Da wane haƙorin za ka ci nata? Matsa in zauna. Wannan zakaran fa, surukinka ne?"

"Na shugaban makaranta ne. Mu a zamaninmu ba a shiga gidan mutum hannu rabbana."

"To ai sai ka miƙa masa. Ga makarantar na kawo maka."

Ta zaro wayarta ta ɗora masa a gwiwa. Ya kalle ta kamar an ɗora masa kwaɗo.

"Ɗauke min tarkacenki. Hoto ƙarya yake yi. A hoton da ke ɗakina ma na fi ubanki kyau."

"Wannan ba irin hotonka ba ne da ɓera ya ci kunnensa. Nan shiga za ka yi. Ka taɓa nan ka yi gaba, ka ja yatsa ka waiwaya. Har ɗakin kwana za ka leƙa, gwiwarka ba ta sani ba."

Tasi'u direba ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, saura kaɗan mu cika fa."

"Riƙe min gaba," Andrawus ya ce. Amma idonsa ya riga ya sauka a kan wayar.

Wata ƙatuwar farar ƙofa ce, ga furanni layi-layi, ga mai gadi cikin kaki a tsaye ƙyam. Bai san lokacin da ya cire hularsa ba.

"Sannu da aiki, samari."

Tasalla ta riƙe ciki. "Wayyo Allah! Kaka, ka ba shi zakaran mana!"

"Rufe min baki, mai kai kamar tulu. Gaisuwa ba ta taɓa rage kowa ba. Shiga da ni ciki."

Ta shiga da shi. Ɗakin karatu mai fankoki, gadaje da fararen zannuwa, wani mutum-mutumi a kwance ana koyon allura a jikinsa. Andrawus ya gyara zama.

"Shi ke nan. Wannan za ki. Ko ni ma sai in koma boko a nan."

"Ba ka ga ɗayar ba."

"Na ga wannan ta ishe ni."

"Ashe haka kake da saurin faɗawa? Shi ya sa marigayiya kakata ta same ka a banza."

"Ke!"

"To tsaya. Ranar da ka je da ni duba gonar nan ta Tabanni, mai gonar yana ta nuna maka gabas. Kai ina ka kalla?"

Andrawus ya tuna. Shi ta bayan gonar ya zagaya, ya tarar da kwazazzabo ya fara cin ƙasar.

"Ba ni wayar nan."

Ya ɗora yatsansa mai kaushin fartanya a kan gilashin. Hoton ya ƙi motsi. Ya danna da ƙarfi.

"A hankali, ba huɗa kake yi ba!"

Ya sassauta, ya ja. Ɗakin kwanan 'yan mata ya juya, bayansa ya fito. Famfo ne a tsaye, ƙasar da ke gindinsa fara fat, ko ciyawa babu. Jarkoki da bokitai sun yi layi tun daga bakinsa har suka ɓace a bayan katanga.

Ya daɗe yana kallo.

"Furannin can fa, da me suke ba su ruwa?"

"Da hawayen ɗalibai, ina jin."

"Ɗayar."

Ɗayar ba ta da abin nunawa. Fenti ya koɗe, ƙofar kamar ta makarantar firamare. Bai tsaya a aji ba. Da kansa ya yi ta ja har ya kai bayan ɗakin kwana. Tankin ruwa a sama, gindin famfo ya yi kore da gansakuka, igiya ta lanƙwasa da wanki.

"Baba, mun cika!" Tasi'u ya buga ƙofar mota. "Za ka ko ba za ka ba?"

Andrawus ya dubi motar, ya dubi titin da ya miƙe ya shige daji. Wasan ya bar fuskar Tasalla, hannunta na riƙe da gefen rigarsa.

"Sa wani," ya ce. "Na je na dawo."

Motar ta tashi. Tasalla ta saki rigar, ta ja dogon numfashi.

"Har ka dawo? Ina tsarabata?"

Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo zakaran ya dangwara mata a cinya.

"Ga shi. Na sake ki, je ki auri boko."

"Wannan tsohon? Sa'anka ne fa. Sai ya kwana a wuta."

"Ai can akwai ruwan dafa shi." Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya mayar da hularsa, ya miƙo hannu. "Kawo abin nan tukuna. Mai da ni wajen famfon, in ƙara gani."