Rasuwar Uwar Sanyi, Wadda Ƙofa Ta Yi wa Kaɗan

Da zuciya cike da baƙin ciki, da riga sharkaf da gumi, ni Injiniya Muhuyi Kiru nake sanar da rasuwar Uwar Sanyi, babbar na'urar da ke sanyaya ɗakunan masaukin baƙinmu na bakin ruwan Tiga. Ta cika ranar Talata da azahar, hannuna na kan kwamfiresonta, wato zuciyarta.

Ina saurayi na same ta, a kanta na yi furfura. Marigayiya ba ta san wariya ba: sanyin da take kai wa ɗakin manyan baƙi shi take kai wa ɗakin direbobi. Idan tana lafiya sai ka ji "gurrrr", idan an ɓata mata rai ta ce "tak-tak-tak", kuma duk Kano ta Kudu ni kaɗai ke jin yarenta. Wannan ne ya ci ni. Duk lokacin da takardar canjin wurin aikina ta fito, sai ta kwanta ciwo, manaja ya mayar da takardar aljihu. Ritaya ma da ta zo, aka roƙe ni in ƙara haƙuri. Abokan karatuna sun zaga duniya, ni ina zaga ɗaki ɗaya.

Ciwon ajalinta ya fara da yoyon gas, ya koma zazzaɓi, daga bisani ta daina amsa ko da janareta.

Ta bar ƙanwarta, wato tukunyar ruwan zafi, da bututai birjik cikin silin, da ni. Maiɗakina Barakatu ba ta yi kuka ba. A ranar ta ƙulle kayanmu, ta aika Kiru a share mana gida. Ni ma, Allah Ya gafarta mini, na ji sanyi a raina.

Game da jana'iza: Shitu mai walda ya zo da 'yan gwangwan, suka tarar gawa ta fi ƙofa. Ashe sai da aka girke ta sannan aka gina ɗakin a kanta, kuma rufin ya daɗe yana jingine da bututanta. Hukumar masauki ta yanke cewa ba za a taɓa ta ba sai a gaban wanda ya san cikinta, kuma ba a sa rana ba.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin inji, inda aka ajiye mini kujera. Masu zuwa su taho da mafici. Barakatu ta kwance kaya.