Cindo da Badon Teku

Cindo ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi. Yana da mata, Talle, da 'ya'ya biyu, sana'arsa kuwa tonon bado a tafkin garinmu. Ba ya sata, ba ya ƙarya, amma abin da ka faɗa masa, shi zai yi daidai. Da tafki ya ƙafe, na tura shi bakin teku wajen kawunsa Jatau mai bandar kifi. Jatau ya ce shirme uku zai ɗauka, daga nan sai gida.

Wata rana Jatau ya ce, "Akwai kunamar teku. Kamar ganyen bado take, faffaɗa, wutsiyarta kamar karansa." Da aka kamo ɗaya a taru, Cindo ya cika bokiti da laka, ya dasa ta wutsiya ƙasa. Kwana uku wari ya hana kowa cin tuwo.

"Me kake jira?"

"Fure, Kawu."

Wata rana Jatau ya ce, "Sakarai, bado ba shi da baki. Juya ta ka gani, baki na ƙasa." Cindo ya kife faifai, ya kife tabarma, ya kife tiren kifi a yashi. "Kawu, duk ba su da baki. Bado ne."

Wata rana Jatau ya ce, "Kunamar nan a yashi take ɓuya. Jan ƙafa ake yi, ba a ɗagawa, kada a taka ta ta yi harbi." Cindo ya ja ƙafa zuwa masallaci, ya tarar an sallame. Ya ja zuwa kasuwa, kifi ya lalace a hanya.

"Uku sun cika," in ji Jatau. "Gobe gida."

Da safe suka shiga ruwa za su hau kwalekwale, Cindo a gaba da ƙunshinsa, yana jan ƙafa kamar mai ciwon baya.

"Ɗaga ƙafa, ɗan banza!"

"Kai ka hana, Kawu."

Jatau ya ɗaga tasa zai wuce shi, sai yashi ya tashi. Kunama mai faɗin tire ta fita daga inda zai taka, tana kaɗa wutsiya. Jatau ya sauke ƙafa a hankali. Ya karɓi ƙunshin, ya juya zuwa gaɓa, yana jan ƙafa shi ma.

Cindo ya ce, "Kash! Ya gudu bai yi fure ba."

Har yau yana can, yana ciyar da iyalinsa. Ku yi ta dariya. Ni dai na san wanda ya ji maganar manya a cikin su biyun.