Mai Gadin Tafki da Tulun Tarwaɗa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ba ni gadin tafkin garinmu ba, can wajen Gagarawa, zamanin Turawa ba su daɗe da zuwa ba.

Tafkin nan yakan riƙe ruwa har bazara. Muna yara, da hantsi za ka ga barewa ta sauko shan ruwa, dinya sun rufe bakinsa, tarwaɗa kuwa ko da hannu ka kama. Da aka yi yunwa sai aka cinye komai, har itatuwan gefen aka sassare. Wannan ya dami Madugu Isiyaku, wani attajiri mai fatauci ta Maigatari zuwa Damagaram. Ya tara dattawa suka yi abin da yaran yanzu ke kira gidauniya: kowa ya kawo damin gero, a ɗauki mai gadi, a hana kamun kifi da farauta da sara har shekara biyu.

Aka ɗauke ni. (Ba don hankali ba, don murya. Idan na yi tsawa, jakunan unguwa ne ke amsawa.) Madugu ya ba ni malafa da sanda, na riƙa taku kamar ni na haƙa tafkin. Sai dai wata uku ban kama kowa ba, ko akuya. Kullum na dawo, matata Hajo ta ce, "Malam, ya ka baro ruwan? Bai gudu ba dai?" Abin yana cin raina.

Ran nan da hantsi na hango wani tsoho baƙo durƙushe a bakin ruwa, ga jaki, ga tuluna biyu. Na lallaɓa na leƙa ɗaya, sai ga ƙananan tarwaɗa suna wutsil-wutsil. Wallahi daɗi na ji.

Na ce, "Baba, yau asirinka ya tonu!"

Ya ce, "Ɗana, tsaya ka ji."

Na ce, "Ka faɗa a gaban dagaci!"

Na ɗora tulun a ka, na tasa shi gaba. Akwai gajerar hanya, amma ta kasuwa na bi, don kowa ya ga geronsa bai tafi a banza ba. Kafin mu kai ƙofar dagaci rabin gari na bayanmu.

Dattawa na zaune a gindin tsamiya, har da Madugu da surukina, uban Hajo. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarawo, ga kaya." Ban rufe baki ba Madugu ya miƙe ya kama hannun tsohon.

"Malam Bukar! Ashe ka iso? Ya hanyar Haɗeja?"

Tsohon ya ce, "Lafiya lau. Kwana huɗu ina canza musu ruwa. Tulu ɗaya na juye a tafki, na biyun ne ɗanku ya ce sai dagaci ya gani."

Madugu ya juyo ya dube ni. "Kai, ba a gabanka muka ce mun aika a kawo mana irin tarwaɗa ba?"

A gabana ne. (Ranar ce aka ba ni malafa, hankalina duk yana kan yadda ta zauna mini.)

Na zube don in ba da haƙuri, na manta da abin da ke kaina. Tulu ya tarwatse, kifi ya watsu cikin ƙasa, ɗaya kuma ta faɗa mini ta wuyan riga. Wanda ya san ƙayar tarwaɗa ya san irin rawar da na taka a gaban surukina.

Ba wanda ya tsaya dariya tukuna. Dagaci ya cire hula yana tsinta, liman ya tara da bakin riga, mata suka kawo ƙore, aka kwasa a guje zuwa tafki, tsofaffi na haki. Kaɗan suka mutu, sauran suka shige ruwa. A nan ne fa aka zube ana dariya, Malam Bukar har da hawaye.

Ya dafa ni ya ce, "Ku bar shi a kan aikinsa. Da haka ake gadi a wajenmu, da ba mu yi asarar kifi ba." Aka bar ni, amma daga ranar sunana ya koma Sarkin Tulu, har jikokina sun gada.

Duk waɗanda suka yi gudun nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ban sake ganin gari guda ya yi gudu saboda ran kifi ba. Ni dai abin da na koya, idan na ga mutum da kaya a bakin ruwa, sai na gaishe shi, na tambaye shi zubawa yake ko ɗiba, kafin in buɗe wannan bakin nawa.